Fenti ne ƙarshen aiki: abin da tsohon injin babur zai koya wa 'ya'yanmu a Diffa

A watan Fabrairun 2015, bayan harin da 'yan Boko Haram suka kai Bosso da garin Diffa, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa. Cikin matakan da aka ɗauka har da hana zirga-zirgar babura, waɗanda mu a nan muka fi kira moto. An yi ta magana a kan 'yan kabu-kabu da suka wayi gari ba abin yi, da manoman tattasai da masunta waɗanda aka tsayar da kasuwancinsu, har sai da aka sake buɗe cinikin tattasai a 2017, na kifi kuma a 2019. Amma akwai wata asara da ba a cika ambata ba. Garejin gyaran babur makaranta ce, ko da yake ba ta da allo da alli. Da babura suka daina yawo, makarantar nan ta watse. Yaran da ya kamata su taso suna miƙa wa maigidansu sifana sun girma ba su taɓa ganin cikin inji ba.

Su ma baburan ba su ji daɗin zaman ba. Injin da ya shekara da shekaru a jingine cikin zaure, man da ya rage a karbiretarsa yakan bushe ya zama ƙaro, robobin da ke tare mai su ƙandare, alminiyam ɗin jikinsa ya yi wani farin gari kamar toka, ƙarafunan kuma tsatsa ta cinye su. Duk ranar da mai shi ya yi niyyar tayar da shi, ko don sayarwa ko don a yi wani aiki da injin, abin da ya fi sauƙi shi ne a sayo gwangwanin fentin feshi mai ruwan azurfa, a ba yaron gareji, a ce ya fesa. Cikin rabin sa'a inji ya yi fes kamar sabo.

Ra'ayina shi ne, wannan rabin sa'ar tana cutar da inji, tana cutar da mai saye, kuma ta fi cutar da yaron da ke riƙe da gwangwanin. Yaron da aka kai koyon sana'a yana da haƙƙin a koya masa aikin da ke ƙarƙashin fenti, kuma ba mai nema masa wannan haƙƙi in ba iyayensa da malamansa ba.

Bari in fara da shi injin. Yawancin ƙananan baburan da aka sani a ƙasar nan, irin su Kasea da Haojue da Jincheng, da kuma tsohuwar Honda CG125 da ta fito a 1975 wadda kamfanoni da yawa suka kwaikwayi injinta, ba su da tankin ruwan sanyaya inji kamar mota. Iska ce kaɗai ke sanyaya su. Shi ya sa aka yi wa silinda da kan inji waɗannan layuka masu kama da haƙarƙari, don iska ta sami fili mai yawa da za ta kwashe zafi. Cikin ƙarfin da ke cikin fetur, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke juya taya. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ta haƙarƙarin nan. Alminiyam na tura zafi waje da sauri, ya ninka baƙin ƙarfe sau uku ko fiye. Shi kuwa fenti, wajen tura zafi, alminiyam ya ninka shi sau ɗaruruwa. Shafe ɗaya marar kauri ba ya hana komai. Amma idan aka lafta fenti a kan datti da tsohon fenti, har ya cike tsakanin haƙarƙarin, an lulluɓa wa inji bargo ke nan. Mai bargo kuma a Diffa, a watan Afrilu ko Mayu da zafi ke haura digiri 40, kowa ya san halin da zai shiga: mai ya tsinke ya zama kamar ruwa, fistin da zobbansa su ci wuya, wata rana inji ya cije a tsakiyar hanya.

Aikin ƙwarai yana da jeri, kuma jerin ba ya karɓar tsallake. Farko wanki ne. Injin da ya yi shekaru yana da ɓawon baƙin mai haɗe da ƙura, sai an kankare shi da tsinken itace da burushi, a wanke da kananzir ko gas, a bi da ruwan omo mai ɗumi, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. Fenti ba ya kama maiƙo, ko ɗan yatsa mai gumi aka ɗora a wurin, nan zai fara ɓarewa. Bayan wanki sai a duba inda mai ke tsiyaya. Inji mai tsabta shi ke nuna ciwonsa: ga robar da ta mutu, ga fakin da ya tsage, ga noti da ya kwance. A nan ake gyara. Wanda ya fesa fenti kafin wannan mataki ya rufe shaidar da makaniki zai karanta.

Daga nan sai kankarar tsohon fenti da farin garin nan. A nan ne ake gane wanda aka koya wa aiki. Burushin ƙarfe na baƙin ƙarfe ne. In aka goga shi a jikin alminiyam yakan bar ƙananan ɓurɓushin ƙarfe a ciki, damina na zuwa su fito da ɗigon tsatsa ta ƙarƙashin sabon fenti. Sodar da ake dafa sabulu da ita tana cire maiƙo da fenti, amma tana cin alminiyam, kuma yayin da take cin sa tana fitar da wata iska mai kama wuta. Yashi ma abokin gaba ne. Ƙwaya kaɗan in ta shiga hanyar mai, za ta yi ta gurzar inji daga ciki har ta gama da shi. Saboda haka ake toshe kowace kafa kafin a fara guga: ramin filogi, wanda muke kira buji, bakin karbireta, bakin salansa, wurin zuba mai. Ana liƙe fuskokin da faki ke zama a kai, da zaren noti, da wurin da wayar lantarki ke taɓa jikin inji. Ana kuma liƙe lambar inji. A jihar da ake yawan binciken takardu a shingayen jami'an tsaro, injin da lambarsa ta ɓace a ƙarƙashin fenti ko aka goge ta da samfefa zai iya jawo wa mai shi tambayoyin da ba shi da amsarsu.

Sai a ƙarshe a zo ga fenti, shi ma ba kowane ba. Kan inji yakan kai digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, wuyan salansa kuwa ya ninka haka ko fiye. Fentin ƙofa da taga ba zai jure ba, zai yi laushi, ya kumbura, ya yi wari, ya zube. Akwai fentin da aka yi musamman don inji, akwai kuma na salansa mai jure zafin da ya fi haka. Alminiyam yana son a fara sa masa shimfiɗar da ke kama jikinsa kafin fentin sama. Ana fesawa daga nisan kamar taƙi ɗaya, shafe biyu ko uku marasa kauri, ana ba kowanne lokacin shan iska. Da sanyin safiya ake yi, a inuwa, inda iska ke wucewa. Da tsakar rana fentin kan bushe tun bai sauka ba, ya zama gari. A lokacin hunturu kuma ƙura ce za ta manne masa. Bayan ya bushe, yawancin irin wannan fenti sai ya ji zafi yake ƙanƙama, don haka ake tayar da inji na ɗan lokaci, a kashe, a bari ya huce, a sake.

Duk wannan bayani yana rubuce a jikin gwangwani, da Faransanci ko Turanci. A nan malamin makaranta ya shigo cikin zancen ko yana so ko ba ya so. Gwangwanin da aka rubuta wa 500 da harafin F a gefe, digiri 260 ke nan a ma'aunin da muka saba. Ya isa kan inji, bai isa wuyan salansa ba. Yaron da ya bar aji tun bai iya karanta wannan ba, zai sayi fentin da ba shi ba, ya ɓata kuɗin maigidansa, ya sha faɗa, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba. Mu da muke cewa yaro ya zaɓi ɗaya, ko boko ko sana'a, ga gwangwanin fenti yana ƙaryata mu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato lafiyar yaron. Ku tsaya a bakin kowane gareji ku ga wanda ake ba aikin wanki da guga da feshi. Ƙaramin cikinsu ne, domin ana ganin aikin ba ya buƙatar gwaninta. Alhali shi ne aikin da ya fi guba. Fetur da ake tsoma hannu a ciki yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda masana lafiya suka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma yana shiga jiki ta fata da ta numfashi. Baƙin man da aka juye daga inji shi ma an san yana da alaƙa da sankarar fata ga masu yawan taɓa shi. Zuƙo fetur da baki ta tiyo, in ɗigo ya kuskure ya faɗa huhu, yana jawo ciwon da zai kai yaro asibiti. Tururin tina da fentin feshi yana sa jiri da ciwon kai, kuma mun san yadda sholisho ya lalata yara a garuruwanmu. Hancin da ya saba da irin wannan wari tun yana ɗan shekara 10, an gajarta masa hanyar zuwa can. Shi kansa gwangwanin, akwai gargaɗi a jikinsa kada ya wuce zafin digiri 50. Rufin kwano da ranar Diffa sun isa su kai shi nan, kuma wanda aka jefa cikin wutar shara yakan fashe.

Sai dalma. An daina zuba ta a fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, amma tana nan cikin batir, tana nan cikin wasu tsofaffin fenti, musamman masu launin ja da rawaya. In aka goge irin wannan fenti a bushe, ƙurarsa na sauka a hannu da riga, yaro ya ci abinci da hannun, ya koma gida ya ɗauki ƙaninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga mafi munin lamarin a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce. Maganin a gareji bai fi ƙarfin kowa ba: a jiƙa samfefa da ruwa kafin a goga, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a bar rigar aiki a wurin aiki.

Na san abin da masu gareji za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce fentin inji na gaske ba kullum ake samunsa a kasuwar Diffa ba, in an samu ma da tsada. Za su ce mai babur sheƙi yake so, in ba ka yi masa ba zai tafi wurin wanda zai yi. Za su ce su ma haka aka koya musu, ga su nan da ransu. Amsata ga ta farko ita ce, alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi. In babu fentin da ya dace, a wanke shi, a goge, a bar shi haka. Zai fi sanyi, kuma ba a kashe ko dala ba. Ta biyu kuwa, sheƙin da ke rufe tsiyayar mai algus ne, sunansa ke nan a kasuwar hatsi, sunansa ke nan a gareji. Mai sayen da injinsa ya cije bayan mako uku zai gane wanda ya yi masa kyan ɗan maciji, kuma Diffa ba ta yi girman da labari zai ɓace ba. Yaron da ya ga maigidansa yana yin haka ya koyi darasin da ba na kanikanci ba. Ta uku ita ce mafi wuya, domin cutar dalma da benzin ba ta nuna kanta a ranar. Wanda ya tsira bai zama hujja a kan wanda bai tsira ba.

Iyaye ma suna da tasu hujjar. Gidan da rikici ya raba da gonarsa a bakin Komadugu, ya dawo zaman gefen babbar hanya, ba zai ƙi ɗan abin da yaro zai kawo da yamma ba. Ban ce a cire yara daga koyon sana'a ba, ni ina cikin masu son a kai su. Amma dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ko da sunan koyo ne, kuma hikimar dokar a fili take. Wanda ya kai, in za a damƙa shi, a damƙa shi da sharaɗi. Uba ya taka da ƙafarsa ya je garejin, gani ya kori ji. Bayan gaisuwa ya ce, "Maigida, ga ɗanka na kawo maka amana. Da me zai riƙa wanke inji? Ina ake zuba baƙin mai? Yaushe za ka fara nuna masa cikin inji?" Makanikin kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai ma ji an daraja sana'arsa. Uwa kuma ita ke ganin hannun yaron da dare. In fatar ta tsattsage ta yi fari, in yana yawan kukan ciwon kai, in rigarsa na warin fetur har cikin ɗaki, to akwai magana. Bayan wata shida a tambayi yaron abin da ya iya. In har yanzu feshi ne da aike kawai, ba koyo yake ba, aiki yake yi kyauta.

Ga 'yan uwana malamai, na san manhaja ta cika, aji ya cika, kayan gwaji babu. To ga kayan gwaji nan jingine a zaurukan unguwa. Mataccen inji guda ɗaya, in aka wanke shi aka kawo aji, zai ɗauki darussa da yawa. Faɗin silindar CG125 milimita 56.5 ne, tafiyar fistin kuma milimita 49.5. Ɗalibin kwaleji ya lissafa da ƙa'idar da ke cikin littafinsa, zai sami santimita kubik 124, ya gane daga ina lambar 125 da ke jikin babur ta fito. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, shi ya sa ake saita bawul inji na sanyi, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ga darasin kumburar ƙarfe ke nan. Ƙusa uku, ɗaya a ruwa, ɗaya a ruwan gishiri, ɗaya an shafa mata mai, cikin mako guda sun bayyana tsatsa fiye da shafi biyar na rubutu. Malamin Faransanci ya kawo gwangwanin fenti da ya ƙare, a karanta gargaɗin jikinsa, a fassara shi zuwa Hausa da Barbarci. A gayyato tsohon makaniki ya yi sa'a ɗaya da ɗalibai, a kira shi Malam a gabansu, domin malamin ne. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, da kwalejojin fasaha na CET, da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a, ga kuma Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014. Abin da ya rage shi ne shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara su riƙa ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi, su nemi a haɗa garejin unguwa da aji.

Kada wani ya ɗauka zancen babur ne kawai. Injin ban-ruwan da ke jan ruwan Komadugu zuwa gonakin tattasai daga Shetimari zuwa Geskeru ɗan uwan injin babur ne: silinda ɗaya, fistin ɗaya, iska ke sanyaya shi. Haka ƙaramin janareta, haka injin keke mai ƙafa uku. Manomin da injinsa ya tsaya kwana huɗu lokacin da tattasai ke fure ya san kuɗin makanikin da ya iya aiki. Shi kuma baƙin man da ake zubarwa a ƙasa a bakin gareji ko a bakin gona, a kwarin da ruwan ƙasa ke kusa kuma kogi ke ambaliya kamar yadda ya yi a 2019, ba nisa zai yi kafin ya iske rijiya. Jarka ɗaya mai murfi ta isa ta tara shi.

Jihar da ake haƙo ɗanyen mai a Agadem, ana tace shi kusa da Damagaram tun 2011, bai kamata ta rasa matasan da suka san abin da ke faruwa a cikin injin da ke shan man ba. Shekarun dokar ta-ɓaci sun yanke igiyar da ke tsakanin tsofaffin makanikai da yara, kuma tsofaffin ba ƙara ƙuruciya suke ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ke da yaro a gareji ya je ya gan shi a cikin makon nan, wanda ke da aji ya nemi mataccen inji kafin 'yan gwangwan su riga shi.